Kunkunniya ce ko tsiro? A taya ni neman Hausar "kokin"

Assalamu alaikum jama'a. Yau da ƙoƙon bara na zo. Ina da ɗan shirin kimiyya da nake gabatarwa a rediyo nan Katsina duk Asabar, kuma kalma ɗaya ta tsaya mani a wuya tun shekaranjiya. Turawa na ce mata "kokin". Tun kafin yaran nan su fara, ba lemon kwalba nake nufi ba. Daga "kok" aka ciro ta, gawayin nan mai tauri da ke saura in an gasa kwal a rufe babu iska. Injiniyoyi suka ari kalmar, suna faɗinta duk inda baƙin kabon, sinadarin nan na gawayi, ya taru cikin na'ura ya hana ta aiki. Ba na so in karanta ta haka nan, tsohon da ke sauraro a Batagarawa ko Mani ya ɗauka tari ne ya sarƙe ni.

Bari in nuna maku inda abin ke faruwa, don kar ku raɗa wa yaro suna ba ku gan shi ba.

Akwai na'urar da ke ba da wutar lantarki daga gas ba tare da an kunna wa gas ɗin wuta ba. Ba harshen wuta, ba fistan, ba ƙara. Sunanta na Turanci "fuwel sel". Na jefa shi cikin manhajar fassara, ta ba ni "tantanin mai", sai na kife wayar. Ni "batirin gas" nake cewa, kuma ba ni na fara ba. William Grove, lauyan nan na Birtaniya da ya nuna dabarar a 1839, batirin gas ya kira na'urar da ya haɗa daga baya. Bambancinsa da batirin mota shi ne ba a kai shi caji. Muddin ana ba shi gas, yana ba da wuta.

Irin da nake magana a kai, zuciyarsa tangaran ce. Faifai ne siriri na wani farin sinadari da ake kira zakoniya, wanda aka sirka da ɗan wani sinadarin mai suna itiriya. A sanyi ba ya tsinana komai. Amma in ya ɗau zafi, digiri 600 zuwa 1,000, sai ya zama ƙofa mai tsananin mai gadi: oksijin kaɗai yake bari ya ratsa. Iska na bi ta wannan fuska, gas ta waccan. Oksijin ya ɗauki ƙwayoyin lantarki a fuskar iska, ya ratsa tangaran, ya tarar da gas a ɗaya fuskar, ya sauke kayansa. Ƙwayoyin ba su da hanyar komawa sai ta waya ta waje, kuma zagayen nan nasu shi ne wutar da ke kunna maka fanka. Faifai ɗaya ba ya kai bolt ɗaya in yana aiki, shi ya sa ake jera su da yawa kamar farantai. Wani Bajamushe, Walther Nernst, shi ya fara cin moriyar wannan hali na zakoniya, ya yi fitila da ita a 1897. A 1937 Emil Baur da Hans Preis suka gwada batirin a Suwizalan.

Fuskar da gas ke bi ba tangaran zalla ba ce. An gauraya ta da garin ƙarfen nikel, aka gasa, ta fito da 'yan ƙofofi kamar cikin burodi don gas ya samu hanya. Da haidirojin zalla za a riƙa ba ta, da lafiya lau. To wa ke da haidirojin? Abin da ke hannunmu gas ne mai kabon: miten, wanda shi ne CNG da ake ta sa wa motoci, shi ne na aikin bututun nan na Ajakuta zuwa Kano, shi ne ke tashi daga kashin shanu in ya ruɓe a rami. Sai gas ɗin girki, sai kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta. Dukkansu in aka yi sake sukan bar kabon ɗinsu a fuskar nan, batiri ya shaƙe. Shi ne kokin. Ku ba ni Hausarsa.

*

Malamata ta Hausa tun ina aji uku, wadda ta yi ritaya tana nan wajen Ƙofar Sauri, ita ta fara amsawa:

"Ɗana, mi ya kai ka nesa? Kunkunniya. Shiga madafin gidanku ka ɗaga kai ka dubi azara. Baƙin da hayaƙi ya bari, shi ne. Kalmar na nan tun kaka da kakanni, ku ne dai 'yan gas kuka mance ta."

Jama'a suka bi bayanta ɗuu. Wani ya ce baƙin tukunya, wani ya ce gawayi kawai, wani yaro ya ce tsatsa aka yi mashi ca. Har na fara rubuta godiya, sai bakaniken da ke duba mani mota ya shigo:

"Yallaɓai, ni ban san batirinku ba, amma mu a gareji kabon muke cewa. Inji ya tara kabon, fulogi ya sha kabon, a kwance a wanke kabon. Ko yaron da aka kawo koyon aiki jiya ya san shi."

Da ɗan gari akan ci gari. Bayan la'asar na biya ta wajensa a hanyar Ƙofar Ƙaura. Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tsoffin fulogai, ya zaɓo ɗaya da bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya murza a babban yatsa, gari ya fito kamar kwalli. Sannan ya ɗauko wata karyayyar sansar oksijin da ya ciro daga salansa. A cikinta akwai wani farin abu kamar guntun alli. Na ce mashi, "Ka san wanga farin abu shi ne zakoniyar da nake ta faɗi?" Ya dube ni, ya dubi abin. Gaskiya ce kuwa. Sansar nan ƙanwar batirin gas ce, tana gwada oksijin ɗin hayaƙi da na iskar waje, ta ba kwamfutar mota ɗan lantarkin da bai kai bolt ɗaya ba. Tun 1976 kamfanin Bosch ya sa ta a motocin Volvo. Shekara da shekaru yana jefar da ita a bola bai san da wa take da dangi ba.

Ya tsoma fulogin a fetur, ya bi shi da buroshin waya, nan da nan ya yi fes. "Ka gani? Kabon ba ya kashe abu. Ƙazanta ce kurum."

Na dawo gida da niyyar in ce Malama ta ci, bakanike ya zo na biyu.

*

Tsugune ba ta ƙare ba. Wani yayana a makaranta, wanda yanzu Dakta ne yana koyar da injiniyancin sinadarai, ya shigo bayan isha'i, ya fara da gaisuwa kamar mai shirin karɓe wa mutum gona:

"Allah ya ƙara wa Malama lafiya, a gafarce ni. Kunkunniya sauka take yi. Hayaƙi ya taso daga murhu ɗauke da baƙinsa, ya samu azara ya zauna. Azarar ba ruwanta, ko kwano ne ko siminti haka zai yi baƙi. Abin da ke kashe batirin gas ba haka yake ba. Gas ɗin garau yake shigowa, ba ɗigon baƙi a jikinsa. Nikel ɗin ne da kansa ke fitar da kabon. Kuma ƙanena, ka gaya wa bakanikenka wannan ba ya wankuwa da buroshi."

Na kira shi, muka kusa awa ɗaya a waya. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ya gyara.

Ƙwayar miten kabon ɗaya ce riƙe da haidirojin huɗu. In ta sauka kan nikel mai zafi, sai nikel ya ɓamɓare haidirojin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Dama aikin da aka ɗauke shi yi ke nan. Haidirojin ya tafi ya ba da wuta, a bar kabon tsirara. In oksijin ko tururi ya iso da wuri, ya kwashe shi ya mai da shi gas, shi ke nan. In bai iso ba, kabon ba ya zama a sama kamar ƙura. Narkewa yake yi ya shige cikin ƙwayar nikel ɗin, kamar yadda gishiri ke ɓacewa a miya, ya ratsa ta, ya je ya fito ta ƙasanta, ta inda take zaune kan tangaran. A nan yake daskarewa ya zama zare, dangin bakin fensir. Wani ya biyo, wani ya biyo, zaren na ƙara tsawo daga ƙasa, yana ɗaga ƙwayar nikel ɗin sama. In an duba da madubin lantarki mai ƙara girman abu, sai a ga zarurruka cunkus, sun fi gashin kai siranta wajen sau dubu, kowane da ɗigon nikel a kansa.

Ɓarnar ke nan. Nikel ya rabu da ɗan'uwansa, hanyar lantarki ta yanke. Ƙofofin gas sun toshe. Kuma zaren na da ƙarfin da yake tura tangaran daga ciki har ta tsage, wani lokaci fuskar ta rugurguje ta zama gari. Ko ka ƙone kabon ɗin daga baya, nikel ba ya komawa mazauninsa.

Ɓarayin ma biyu ne, kowa da lokacinsa. Fashewar miten ta fi son zafi mai tsanani. Na biyun kuwa kabon monoksaid ne: ƙwaya biyu su haɗu, ɗaya ta miƙa wa ɗaya oksijin ɗinta, wannan ta zama kabon dayoksaid ta yi gaba, waccan ta zauna baƙin kabon. Wani Bafaranshe, Octave Boudouard, ya yi nazarin wannan a farkon shekarun 1900, har yau da sunansa ake kiran abin. Wannan ɓarawo na biyu kuma ya fi ƙarfi in zafi ya sauko ƙasa da digiri 700. Ka ƙara wuta ɗaya ya shigo, ka rage ɗayan ya shigo.

*

Wanda ya warware mana kuwa bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Kawuna ne da ke Daura, manomi, ɗansa ya karanta mashi abin da na rubuta, sai ga saƙon murya da asuba, ana jin zakara a bayansa:

"Kai ɗan nan, duk bokonku ai wake kuke faɗi. Ba ka taɓa zuwa gona kwana huɗu bayan shuka ba? Wake in zai fito ba ya barin ƙwayarsa a ƙasa kamar gero. Tsaga ƙasa yake yi, ya fito a duƙe, ya miƙe da ƙwayar a kansa kamar mai tallan goro. Abin da ke turowa daga ƙasa ya ɗaga ƙwaya ya fasa wuri, tsiro sunansa. Ka gaida Malamar taku, amma kunkunniya ba ta taɓa fasa azara ba."

Na saurari saƙon sau uku. Dakta ya aiko da kalma ɗaya: "Shi ne."

Ni ma na tsaya a nan: tsiron kabon. Na ɗauki tsiro daga Kawu, na ɗauki kabon daga gareji. Wasu sun so a ce tsiron gawayi don ya fi zama Hausa tsantsa, amma ban yarda ba. Da ka ce gawayi, mai sauraro zai fara neman itacen da aka ƙona da wutar da ta ƙone shi, alhali duk abin mamakin shi ne babu harshen wuta a wurin. Kabon kuwa ta riga ta zama 'yar gida. Kalmar da ta kwana a bakin makanikai shekaru aru-aru ba baƙuwa ba ce, kamar yadda ba wanda ke tambayar salansa takardar zama.

*

Na ɗauka an tashi. Ashe Malama alwala ta je yi.

"Dakta, na ji wakenku. Amma gaya mani tsakaninka da Allah, duk baƙin da ke cikin tukunyar taku tsirowa yake? Ba wanda ke sauka daga sama?"

Dakta ya yi shiru har azahar, sannan ya dawo da hula a hannu. Akwai. Gas mai kabon da yawa a ƙwayarsa, irin butan da furofan na tukunyar girki, in ya sha zafi sosai yakan fara farfashewa tun yana cikin iska, kafin ya taɓa komai. Sai baƙin ya sauko ya lulluɓe duk abin da ya samu, nikel ne ko tangaran, bai zaɓa ba. Wannan kam, in ji shi, kunkunniya ce ba ja. Akwai ma na uku, wani mai kamar danƙo da ke naɗe ƙwayar nikel in zafi bai kai ba, amma shi ya fi damun masana'antu da ke aiki ƙasa da zafin batirinmu.

Ashe kalmar Turancin ce ta tara abubuwa daban-daban a buhu ɗaya, mu kuma muka zo muna neman Hausa ɗaya da za ta ɗauke su. Malama ta ce dama ta sani.

To ga yadda na raba gadon. In ana maganar abin a dunƙule, taruwar kabon, yadda bakanike ya faɗa. Mai fitowa ta cikin nikel, tsiron kabon. Mai sauka daga sama, kunkunniya.

*

Wata 'yar'uwa da ke sayar da kayan kicin a babbar kasuwa ta tayar da wata ƙura: don mi nake cewa tangaran, ba yumɓu ba? Hajiya, yumɓu ɗanye ne, kuma zakoniya ba daga laka ake samunta ba. Abin da ya haɗa ta da kofin shayinki shi ne gari ne aka matse aka gasa, ita a wajen digiri 1,400, ta yi tauri, ba ta tsatsa, ba ta tsoron wuta, amma ba ta lanƙwasa. Wani dattijo ya tuna mana da faɗi-ka-mutu. Wallahi ta dace, don abin da ke karya batirin nan ke nan in an zafafa shi ko an huce shi da gaggawa. Sai dai ba zan iya cewa "batirin faɗi-ka-mutu" a rediyo in ci gaba da magana ba dariya ba.

Tambayar Hajiya ta tuna mani ban faɗi abin da ita tangaran ɗin ke yi ba in gas mai kabon ya taɓa ta, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi. Zakoniya kusan 'yar kallo ce, ba ta haifar da tsiro, ba ta kuma kashe shi sosai. Shi ya sa maganin da aka saba da shi tururi ne. A haɗa gas da tururin ruwa, aƙalla kashi biyu na tururi ga kowane kashi ɗaya na kabon, tururin ya riƙa kwashe kabon tun bai nutse ba. Yana aiki, amma yana tsinka gas ɗin, yana sanyaya bakin faifan har zafi ya bambanta daga gefe zuwa gefe, kuma ruwa mai tsabta yake so kullum. Mu da ke jiran 'yan garuwa mun san kuɗin wannan.

Amma akwai wata tangaran, seriya, ba ƙasar Siriya ba, wadda ita ba ta zama kallo. Tana da oksijin a jikinta da take iya bayarwa rance. Kabon ya sauka kanta, sai ta ciro oksijin daga nata ginin ta ba shi, ya zama gas ya tashi. Gurbin da ya bari kuma oksijin da ke ratsowa daga fuskar iska ya cike shi. Bakanike, kai ma kana da ita: tana cikin abin da aka shafe indomin salansa da shi, matatar hayaƙin nan da ɓarayi ke yankewa, ko da yake su don filatinam da danginsa suke sata. A shekarar 2000 Raymond Gorte da John Vohs na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fitar da sakamakon batirin da suka cire wa nikel gaba ɗaya, suka sa jan ƙarfe da seriya. Kabon ba ya tsirowa ta cikin jan ƙarfe, don haka suka ba shi butan kai tsaye ya ci. Cikas ɗin shi ne jan ƙarfe ba ya jure zafi kamar nikel, a digiri 1,085 ma narkewa yake, kuma tun kafin nan ƙwayoyinsa ke fara dunƙulewa.

Sai wasu tangaran masu sinadarin bariyam da sitironshiyam, waɗanda ake so don suna aiki a zafi mai sauƙi. Su kuma kabon dayoksaid ne abokin gabarsu. Yana kama bariyam ɗin da ke fuskarsu, su haɗu su zama wani farin ɓawo da ke toshe wa oksijin hanya. Ɗan abin da ke cikin iskar da muke shaƙa ma, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu ba, yana iya taɓa wasunsu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ɓawon nan a ilmin sinadarai gidansu ɗaya da kanwa da alli, don haka na so in ce "tangaran ta yi kanwa". Dakta ya ce a bar shi ya kwana da ita tukuna, don kar wani ya ɗauka ana iya jiƙa ta a sha. Na bar mashi.

Wani ɗalibi ya tambaya ko abin ya taɓa fita daga ɗakin gwaji. Ya fita har ya bar duniya. A Japan akwai gidajen da irin wannan batiri ke ba su wuta da ruwan zafi daga gas ɗin bututu. Motar binciken nan ta Amurka da ta sauka duniyar Mas a 2021 kuwa ta tafi da irinsa, amma an juya shi baibai: a ba shi lantarki da kabon dayoksaid na can, ya fitar da oksijin. Giram 122 ya tara kafin a rufe gwajin a 2023, kuma cikin abin da masu tuƙa shi suka fi kiyayewa har da kar lantarkin ya wuce kima, kabon ya taru a ciki, can inda ba bakanike.

*

Daren Juma'a na liƙa jimlar da zan karanta don a duba mani: "Idan tururi ya yi ƙaranci, tsiron kabon yana faruwa a cikin nikel, wanda ke haddasa tsagewar tangaran."

Minti biyar ba a yi ba Malama ta dawo.

"Ɗana, ka sha wahalar neman kalma ka zo ka zuba ta cikin jimlar Turawa. Wa ka taɓa ji ya ce tsiro yana faruwa? Kawunka haka ya faɗa maka? Goge. Rubuta: in tururi ya gaza, sai kabon ya tsiro ta cikin nikel, ya ɗaga shi, ya tsaga tangaran."

Na goge, Malama. Haka zan karanta gobe da ƙarfe huɗu.